Ranar da Aka Sace Inuwar Amarya

Da hantsi aka gano satar, kuma abin haushin, ana tsakiyar murna. Shanun auren Sethunya sun iso ke nan daga Werda, garin ango, duk gidan ya ɗunguma zuwa garke, mata na guɗa, maza na duban haƙora da kofato sai ka ce su za su saya. Ko karen gidan sai da ya bi. Da aka dawo, uban amarya, Rra-Sethunya, wato Baban Sethunya a bakinmu, ya zagaya bayan tsohuwar motarsa Cressida da ke ƙarƙashin itacen ƙaya, ya tsaya cak, ya kurma ihun da ya sa masu girki sakin muciya.

"Lubata! Ina lubata?"

Gilashin baya na nan tsirara yana ƙyalli. Baƙin ƙarfen nan mai jerin haƙarƙari da ke rufe shi, wato luba, wanda duk garinmu Tsabong da shi aka san motar, ya yi ɓatan dabo.

Baƙo zai ce ina abin ihu a kan guntun ƙarfe. To, Sethunya zabiya ce. Tun tana cikin zanen goyo likita ya gaya wa iyayenta rana ce babbar abokiyar gabarta, mu kuwa nan in ka cire rana da yashi me ya rage mana? Uban ya sha yawo, daga shagunan Gaborone har jujin matattun motoci na Mafikeng, kafin ya samo lubar da ta zauna wa gilashinsa daram. A inuwarta yarinyar ta je asibiti, ta je makaranta, ta je ta kama aikin koyarwa. Injin motar ya mutu ya tashi ba adadi, aka ce ya sayar ya huta, ya ce a fara nemo masa wata motar da lubar za ta hau.

Ga kuma wata magana da aka daɗe ana ja. Al'ada ta ce amarya a motar gidan miji take tafiya. Rra-Sethunya ya ce al'ada ta yi haƙuri, 'yarsa ba za ta gasu a hanyar Werda cikin motar da ba inuwa ba, a tasa zai kai ta. Dangin ango ba su ce e ba, ba su ce a'a ba. Shi ya sa kafin ihun ya lafa, kowa ya riga ya yanke hukunci a ransa.

"Biri ya yi kama da mutum," in ji wata tsohuwa.

Rra-Sethunya ya nuna sama da yatsa. "Ku ji da kyau. In ranar nan ta faɗi lubata ba ta dawo ba, ko ta tabbata hannun mutanen Werda ne, a buɗe garke su kora shanunsu. Ba aure!"

Nan ne Otukile ya ajiye kwanonsa, abin da ba kasafai yake yi ba. Shi ne kawun amarya, ƙanin marigayiya uwarta, kuma shi ya yi ta safa da marwa har aka ƙulla auren. A zamaninsa ma'aikacin gandun daji ne, ya bi sawun zaki, ya bi na ɓarayin farauta. Yanzu da ya yi ritaya ya ajiye tumbi, sawun da ya fi bi shi ne na tukunyar nama, amma idon yana nan, bakin ma yana nan.

"Kai, mijin yaya, sauke yatsan kar ka tsone wa Allah rana," ya ce. "Ku kuma duk ku tsaya inda kuke. Tsaya, na ce! Dubi yadda kuka tattake mini ƙasa kamar garken jakai."

*

Gefen motar ya riga ya lalace, ƙafa kan ƙafa. Otukile ya yi nishi, ya durƙusa, ya kwanta rubda ciki ya leƙa ƙarƙashin but, inda takalman 'yan kallo ba su kai ba. Can ya ga abin mamaki. An shimfiɗa wani mayafi a kan yashi, ga shatin gezarsa nan kamar an ja mataji, a kansa kuma an kwantar da abu mai haƙarƙari. Ya tashi ya shafa fentin motar, ko ƙwarzane babu. Wane irin ɓarawo ne ke yi wa abin sata shimfiɗa?

Ya fita ta bayan danga yana sanɗa, hannu a baya. Ga sawun nan, ƙaramin takalmin kambas, taku gajere, a miƙe sambal, ya nutse fiye da na shigowa. Namiji in ya ɗauki abu mai faɗi, a hammata yake maƙale shi, sai ya karkace gefe ɗaya. Wannan a ka aka ɗauka.

Bai gama tunanin ba sai ga samarin unguwa sun jawo Moagi ɗan tasi, rigarsa a hannun wannan, hularsa a hannun wancan. Shi ma Cressida gare shi, kuma kowa ya san shekara da shekaru yana roƙon a sayar masa da lubar, don fasinjojinsa na baya fita suke yi kamar gasasshiyar masara.

"Kawu Otukile, ka cece ni! Ni da zan sata, a ina zan ɗaura? A motar da ke wucewa ta ƙofar gidan nan safe da yamma?"

"Amma kana so."

"So kam ina so. Ina son matar gwamna ma, na sace ta?"

"Taka mu gani."

Moagi ya taka. Ƙafa ɗaya gabas, ɗaya yamma, tafiyar agwagwa sak. Mutane suka kwashe da dariya har da masu riƙe da shi.

"Ku sake shi," in ji Otukile. "Wannan ko ƙwai ya sata sawunsa ne zai kai ƙararsa. Ku ba shi nama ya wanke zuciya."

*

In dai mace ce, kuma abu mai faɗi ne ya ɓata ranar biki, ai ba sai an yi nisa ba. Mma-Tebogo, yayar Rra-Sethunya, ita ce uwar girki, kuma ta yi suna. A bikin bara ƙyauren banɗakin maƙwabta ta ɓalle ta yi teburin yankan kabeji. Otukile ya zagaya madafa, ƙamshin seswaa, dakakken naman nan namu, yana neman mantar da shi abin da ya kawo shi. Can bayan tukwane ya hango abu mai haƙarƙari an ɗora kan duwatsu, an jera hanta a kai. Ya nuna Mma-Tebogo da yatsa.

"Gwaggon yara, an kama ki!"

"An kama uwar wa?"

Ya matsa. Ashe ragar tsohon firiji ce.

Mma-Tebogo ta riƙe ƙugu da ludayi a hannu. "Oho, ni ce ɓarauniyar? Ni da na yi wa uwar amarya wankan jego? Otukile, tumbin nan ya hau maka ido. Da zakuna sun san haka za ka koma, da ba su wahalar da kansu gudu ba."

"Afuwa, afuwa. Ba ki ga wata ta fita da kaya a ka ba?"

"Ranar biki? Wace mace ce ba kaya a kanta?" Ta rage murya, ta matso. "Ka bar wahalar da kanka, ka je masaukin mutanen Werda. Uwar angon nan, Mma-Pako, tun da aka fara maganar auren ka taɓa ganin haƙorinta? Ran da suka zo tambaya, gefe ta ja ni. Wai rana tana ƙona yarinyar sosai? Wai da wane lokaci ta fi cutar da ita? Wai ko ta gilashi ma tana ƙonewa? Kamar mai tayin akuya tana neman aibi. Ba ta son zabiya a gidanta, kunyar faɗa take ji."

Otukile ya ɗauki yankan hanta ɗaya don hanya, amma ko ɗanɗanonta bai ji ba.

*

Amarya ba ta fita a irin wannan rana, tana ɗaki da ƙawayenta. Yana wucewa ta gindin taga sai ya ji an ce, "Kawu."

Labule ya ɗan ɗaga. Ga Sethunya, kitso rabi, tabarau a kan hanci, tana ƙoƙarin murmushi.

"An ce ka kama Gwaggo da ragar firiji."

"Labarin har ya iso? Garin nan ba a tuntuɓe a ɓoye."

Ta yi dariya, dariyar ta tsaya a hanya. "Kawu, ina son Pako, ka sani. Amma in su ne, kar ka rufe don a yi biki. Gara in ji yau da in ji bayan na shiga gidan."

"Ke dai ki ƙarasa kitsonki. Kin taɓa ganin an yi amarya da rabin kai?"

Ya faɗa da wasa, amma da ya juya sai ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi. Yarinyar nan a kafaɗarsa ta girma, da malafarsa a kanta.

*

Sawun ya ɓace a bakin kwalta. Otukile ya bi gefen titi yana gumi, rana ta take tsaka, har ya sake tsinto shi a ƙetare, kusa da famfon unguwa. Mai takun ko sau ɗaya ba ta tsaya ba, ba ta waiwaya ba. Ɓarawo kan yi waige, ƙafarsa takan murɗe a yashi. Wannan tafiya take kamar mai zuwa coci.

Sawun ya kai shi ƙofar Dikgang mai walda. An datse ƙofa da sarƙa, karnuka biyu na haushi, daga can ciki kuma ƙarar injin yankan ƙarfe ta cika unguwa. Ya buga, ya kira, ya zagi Dikgang da kakansa, ba wanda ya ji. Ya duba ƙasa. Kambas ɗin ya shiga da nauyi, ya fito sakayau, ya miƙe zuwa gidan da aka sauki dangin ango.

Kash! Abin da yake gudu ke nan.

Ya isa ƙofar masaukin ya yi sallama ya leƙa. Mata sun fi goma a inuwa, kowacce da farin kambas iri ɗaya da aka saya don biki, kowacce da shuɗin mayafin matan aure a kafaɗa, an maƙale da fil. Yashin tsakar gidan kuwa an share shi tas. Ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi gajiyar hanya, ya sha ruwan citta, idonsa na aikinsa. Da ya zo kan Mma-Pako, doguwar mace mai fuska kamar an aiko mata da sammaci, sai ya ɗan daɗe. Ya yi godiya, ya fita, ya aika a tara kowa a gidan amarya kafin la'asar.

*

Aka taru a gindin itacen ƙaya, motar na gefe da gilashinta tsirara. Maza a kujeru, huluna a gwiwa, mata a ƙasa sun miƙe ƙafafu. Dangin amarya nan, dangin ango can, tsakani kamar an ja layi. Moagi ya zo, da Mma-Tebogo da ludayinta. Pako ango na can baya, don ba shi da baki a taron manya, sai zufa yake sharewa.

Otukile ya miƙe ya gyara wando. Yana son taro, ba ya ɓoyewa.

"Jama'a, ɓarawon nan ba namiji ba ne, don haka Moagi ya ci namansa da halal. Ba kuma Gwaggon yara ba ce, don ita in ta ɗauki abu, a gabanka take ɗauka ta zage ka." Aka yi dariya. "Wadda ta kwance lubar nan ta cire mayafinta ta shimfiɗa, ta kwantar da ita a kai, ta naɗe, ta ɗora a ka. Lubar da ta sha ƙurar hanya shekara da shekaru, in ta kwanta a kan shuɗin mayafi, sai ta bar sa hannunta."

Al'ada ba ta yarda ya yi wa surukuwa magana kai tsaye ba, sai ya juya wajen babban kawun ango.

"Rra, a tambayar mana 'yar'uwarku, macen da ko zarenta ba ya karkacewa, me ya sa yau ta yafa mayafinta a bai-bai?"

Mma-Pako ba ta jira a isar mata ba. Ta miƙe, ta zare fil, ta juya mayafin ta ware shi a gaban kowa. Ga layuka nan na jar ƙura, jere reras daga gefe zuwa gefe.

Mata suka ɗauki salati da tafa hannu. Rra-Sethunya ya zabura har kujerarsa ta kife. "A buɗe garke! Yanzun nan!"

"Zauna, Rra-Sethunya."

Ita ce ta faɗa, kai tsaye, ido cikin ido. Kawunnan ango suka dafe kai, wani ya ce, "Mma, ta bakinmu ake bi."

"Ta bakinku? Tun kaka nake bi ta bakinku. Na ce ku roƙa mini aron ƙarfen nan a gwada, kuka ce ana maganar shanu ba a kawo maganar tarkace. To ga tarkacen ya tsayar da shanun." Ta juya ga uban amarya. "Ni na ɗauka. Na nema a Jwaneng, na nema a Lobatse, na aika har Mafikeng, aka ce an daina yi, wani yaro a shago ma ya tambaye ni ko abin gasa nama nake nufi. Dikgang ya ce zai ƙera wa motarmu, amma sai ya ga ta gaske ya ga yadda aka kwantar da haƙarƙarin. Ya ce kafin ku dawo daga garke ya gama aunawa. Maƙaryacin banza."

Ta numfasa. Muryarta ta ɗan yi rawa, abin da ba wanda ya taɓa ji.

"Kai ka ce a motarka za ka kai ta. In ta shigo gidana a motar ubanta, har ta tsufa matan Werda za su ce baƙuwa ce aka kawo mana ajiya. Ni ba ajiya nake so ba, 'ya nake so. A motata za ta shiga, kuma rana ba za ta taɓa mini ita ba. Ba ni da fara'a, haka Allah ya yi ni. Amma ba ni da mugunta."

Mma-Tebogo ta ɓoye ludayinta a bayanta kamar shi ya yi laifin. Otukile ya ji wani abu ya sauka daga ƙirjinsa, har ya ji yunwa ta dawo masa.

Ana cikin haka sai ga ƙarar baro. Dikgang ne, tabaran walda a goshi, bai san wainar da ake toyawa ba, yana turo luba biyu, tsohuwa da sabuwa, yana washe baki. "Mma, an gama! Ai na ce miki ba wanda zai..." Ya ga taron, ya haɗiye sauran.

Rra-Sethunya ya fara ɗaukar tasa, ya juya ta, ya shafa, ya miƙa wa Moagi ya riƙe, ya ce in ya gudu da ita ya mutu. Sannan ya ɗaga sabuwar. Da ƙarfen tsohon gado aka yi ta, ga nauyi, ga tabon walda kamar ƙuraje. Ya ɗaga ta saitin rana ya kanne ido ɗaya.

"Wannan ai shirme ne," ya ce. "Hanyar Werda da yamma rana a ƙeya take zama. Haƙarƙarin nan sun miƙe da yawa, za ta zuro ta tsakani ta sauka a wuyanta. Kai Dikgang, walda ka koya ko gyaran gado? Kawo filaya. Mma-Pako, sa a matso da motar taku, ki zo ki riƙe mini nan, ki ga yadda ake yi, don gobe in ta lanƙwashe ke za ki gyara."

Guɗar da ta tashi sai da ta firgita shanu a garke. Mma-Tebogo ce ta fara, ta rungumo Mma-Pako tana kuka tana cewa ita dama tun farko ta san matar kirki ce. Pako ya zauna daɓas a ƙasa. Ta taga aka ji ƙawayen amarya sun ɓarke da waƙa. Surukai biyu da al'ada ta hana su haɗa ido kuwa, ga su can kai da kai a bayan motar Mma-Pako, wata Corolla, suna musu a kan ƙarfe.

Dattawa suka ce duk da haka sata sata ce, aka ci Mma-Pako tarar akuya. Da aka tambayi wa ke da hakkin cin akuyar tara, Otukile ya ce a bar wahalar bincike, ya riga ya bi sawun maganar, a gidan kawu ta tsaya.

*

Aka sha biki ranar Asabar har takalma suka tsinke. Ran Lahadi da yamma aka fito da amarya, aka sa ta a bayan Corolla, Mma-Pako a damanta, wata gwaggon ango a hagunta. Motar ta tashi a hankali, mata na bin ta da waƙa har bakin kwalta.

Otukile na tsaye kusa da Rra-Sethunya. Ya ga mutumin yana leƙe, yana karkata kai dama da hagu, yana ɗage, yana bin bayan motar da ido. Ba abin da ake gani sai baƙaƙen haƙarƙari da rana ke duka. Shekarun nan duka shi ke gaba a kan sitiyari, in ya ɗaga ido ga madubi sai ya ga 'yarsa a zaune cikin inuwa.

"Otukile," ya ce, "ashe daga waje ba a ganin na ciki."

"Ba a gani. Amma na ciki yana ganin na waje tar. Tana kallonka yanzu haka, kai kuma ka tsaya da fuska kamar an mari jaki. Ɗaga hannu mana!"

Rra-Sethunya ya cire hularsa ya ɗaga sama, yana dariya hawaye na zuba, ya yi ta kaɗawa har motar ta sha kwana.